Ƙoƙon Kai da Agogon Yashi a Kan Kaburburan Sikotlan

Duk wanda ya shiga tsohuwar maƙabartar coci a Sikotlan, musamman a yankunan Angus da Perthshire da Fife da Lothian, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ƙoƙon kan mutum an sassaƙa a jikin dutse, da ƙasusuwan cinya biyu a gicciye a ƙarƙashinsa. Kusa da su ga agogon yashi, ga shebur, ga ƙararrawa, wani lokaci har da akwatin gawa. Yawancin duwatsun nan an kafa su ne daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa ƙarshen ƙarni na 18, kuma da wuya a sami tsohuwar maƙabarta a kudanci da gabashin ƙasar da ba ta da irinsu. Masu yawon buɗe ido sukan tsaya su ɗauki hoto, su ce ga kabarin ɗan fashin teku. Wasu su ce na waɗanda annoba ta kashe ne, wasu kuma su jingina abin ga mayaƙan Templar, wata tsohuwar ƙungiyar mayaƙan Kirista ta zamanin yaƙe-yaƙen gicciye.

Dukan zantukan nan uku ba sa jure bincike. Sunayen da ke jikin duwatsun na manoma ne da masaƙa da matan teloli, da yawansu a ƙauyukan da ko ƙanshin teku ba ya kaiwa. Ƙungiyar Templar kuwa tun 1312 Fafaroma ya rushe ta, kusan shekara ɗari huɗu kafin a sassaƙa mafi yawan waɗannan duwatsu. Babbar annoba ta ƙarshe da ta auka wa Sikotlan ta ɓarke a 1645, ta lafa kafin 1650, kuma mutanen da ta kashe galibi a ramuka aka zuba su a bayan gari, cikin gaggawa, babu mai lokacin kiran mai sassaƙa. Dalilin yana wani wuri dabam, kuma sai an koma 1560 kafin a gan shi.

A wannan shekarar ce majalisar dokokin Sikotlan ta yanke hulɗa da Fafaroma, ƙasar ta rungumi tafarkin Furotesta irin na John Calvin, ƙarƙashin jagorancin John Knox da abokansa. Kafin nan, mutumin Sikotlan ya yi imani cewa akwai wani matsakaicin wuri bayan mutuwa inda ake tsarkake rai kafin ya shiga Aljanna, kuma addu'ar masu rai tana rage masa zaman wurin. Saboda haka masu hali sukan bar dukiya don a riƙa yi musu addu'a, rubutun kabarinsu kuma yakan roƙi mai wucewa ya yi wa ran wane addu'a. Sabon cocin ya share wannan gaba ɗaya. A koyarwarsa, da zarar numfashi ya yanke an gama, makomar mutum ta tabbata, babu addu'ar da za ta ƙara ko ta rage. Littafin tsarin coci da aka rubuta a 1560 ya ba da shawarar a binne mamaci ba waƙa ba karatu, don kada jahilai su ɗauka abin yana amfanar gawa. Ƙa'idar ibada ta Westminster da Sikotlan ta karɓa a 1645 ta sake nanata cewa a raka gawa cikin mutunci, a binne ta nan take ba tare da wani biki ba.

To, idan dutsen kabari ba zai iya roƙa wa mamaci komai ba, da wa zai yi magana? Sai ya juyo da fuskarsa ga mai rai. A ganina wannan shi ne mabuɗin al'amarin duka. Ƙoƙon kan nan ba bayanin mamacin yake yi ba, kai mai kallo yake nufi. Shi ya sa a kan duwatsu masu yawa za ka ga an sassaƙa wani ƙyalle a lanƙwashe ɗauke da kalmomin Latin guda biyu, Memento Mori, wato tuna za ka mutu. Mai karatu Musulmi zai gane manufar ba tare da wahala ba, domin hadisin da ya halatta ziyarar kaburbura dalilin da ya bayar shi ne tana tunatar da lahira, ko da yake mu ba ma sassaƙa siffa a kan kabari, kuma muna yi wa mamatanmu addu'a.

Akwai kuma wani canji na zahiri da ya taimaka. A da, manya a cikin ginin coci ake binne su, ƙarƙashin daɓen da mutane ke ibada a kai. Babban taron cocin Sikotlan ya haramta haka tun ƙarshen ƙarni na 16, ya sake jaddada haramcin a 1643 saboda masu kunnen ƙashi. Wasu masu filaye sun kauce wa dokar ta hanyar gina ɗakin kabari a manne da coci, kamar na Skelmorlie da ke Largs wanda aka gina a 1636. Attajiran birni kuwa suka fita fili. A Edinbara, Sarauniya Mary ta ba da filin Greyfriars a 1562 don a mai da shi maƙabarta, kuma a farkon ƙarni na 17 manyan 'yan kasuwa da lauyoyi suka fara jera dogayen gine-ginen tunawa a jikin katangarsa, cike da ƙasusuwa da ƙwarangwal na dutse. Masu sassaƙar sun kwaikwayo siffofin ne daga littattafan zane da ake bugawa a Ingila da Holan, ƙasar da Sikotlan ke da tsohuwar hulɗar kasuwanci da ita. Siffofin su kansu ba sababbi ba ne a Turai. Cocin Rosslyn da aka aza harsashinsa a 1446 yana da sassaƙen ƙwarangwal suna jan mutane iri-iri zuwa rawar mutuwa. Sabon abu shi ne yadda suka sauko daga hannun sarakuna da attajirai, suka isa ga maƙerin ƙauye.

Dutsen ƙauye yana da tsarin karatu, kuma daga ƙasa ake farawa. A gindinsa, dab da ciyawa, nan alamomin mutuwa suke, inda gangar jiki take. Ƙoƙon kai da ƙashin cinya sun fi yawa, kuma mutanen wancan zamani sun san su ido da ido. Filin maƙabarta ƙarami ne, iyali ɗaya sukan yi ta amfani da rami ɗaya shekara da shekaru, don haka duk lokacin da mai haƙa ya buɗe ƙasa sai ya tono ƙasusuwan wanda ya riga, ya ajiye a gefe, a mayar bayan an sa sabuwar gawa. Ƙoƙon kai da dogayen ƙasusuwa su ne suke daɗewa ba su ruɓe ba. Kayan aikin mai haƙan ma an sassaƙa su: shebur, da wani ƙarfe mai faɗin baki da yake yanka ciyawa da shi falle-falle kafin ya fara haƙa, a gicciye su biyun.

Ƙararrawar da ake gani ƙarama ce ta hannu, ba ta hasumiyar coci ba. Idan aka yi rasuwa, ma'aikacin coci yakan zaga gari yana kaɗa ta, ya tsaya a mararraba ya sanar da 'yan'uwa maza da mata cewa wane ya rasu bisa yardar Allah, za a binne shi lokaci kaza. Ranar jana'iza kuma shi ke gaba yana kaɗawa har bakin rami. Ta birnin Gilasgo da aka ƙera a 1641 tana nan har yau a hannun gidajen tarihin birnin. Agogon yashi ma ba baƙo ba ne, domin a coci-coci da yawa akwai shi a maƙale a gefen mumbari, da shi ake auna tsawon huɗuba. Mutumin da ya shafe kowace Lahadi ta rayuwarsa yana kallon yashi na zuba yayin da mai wa'azi ke magana a kan hisabi ba ya buƙatar a fassara masa abin da agogon ke nufi a kan kabarin maƙwabcinsa. Wani mai sassaƙa yakan tsayar da shi, wani ya kwantar da shi a gefe alamar yashi ya daina zuba, wani kuma ya sa masa fukafukai don nuna gudun lokaci. A wasu duwatsun mutuwa kan fito da kanta a siffar ƙwarangwal riƙe da mashi ko dogon lauje, abin da suke kira sarkin razana, laƙabin da suka ɗauko daga littafin Ayuba a Baibul.

Akwai wani dutse a tsohuwar maƙabartar Calton a Edinbara da ya cancanci a tsaya a kansa. Wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, John Gray, ya kafa wa iyayensa shi wajen 1760. A tsakiya ga jirgi mai turaku uku ya fito ɓaro-ɓaro. A gefe ɗaya ga kan namiji mai gemu, a ɗaya gefen ga kan mace da hularta ta mata. Daga kowane kai wasu ƙyallaye sun zubo ƙasa, an ɗaure kayan mutuwa a jikinsu kamar yadda ake rataye kaya a igiya: lauje da ƙasusuwa a ɓangaren uban, shebur da akwatin gawa da ƙasusuwa a ɓangaren uwar. Ɗa ne yake girmama mahaifansa, amma bai ga wani rashin ladabi ba a rataye shebur ɗin mai haƙa a ƙarƙashin fuskar mahaifiyarsa. Wannan ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin tunaninsu da na jikokinsu.

Wanda ya tsaya a gindin dutse kawai ya karanta rabin saƙo. A can sama, kusan a kowane dutse, akwai fuska mai fukafukai biyu. Mutane sukan ɗauka mala'ika ne, alhali ran mamacin ne yana tashi. Wasu fuskokin an yi musu gashin kanti irin na zamanin, wasu kumatu cike kamar na jariri, wasu kuma kallo ɗaya za ka yi ka san mai sassaƙar fuskar wani ɗan garinsu ya kwaikwaya. Gefe da gefe akan sa mala'iku suna busa ƙaho na ranar tashin ƙiyama, wani lokaci da ƙwarangwal yana yunƙurin fita daga akwati. Gawar ma ana kwantar da ita ƙafafu na gabas, don in an busa ƙaho ta miƙe tana fuskantar can. Kenan dutsen yana cewa ga abin da jiki zai zama, ga kuma inda rai ke fatan zuwa. A Perthshire da Angus da Galloway akwai wani rukuni na musamman masu hoton Adamu da Hauwa'u a gindin bishiya, maciji ya naɗe ta, kamar waɗanda ke Logierait da Kells. Su kuma asalin mutuwa suke bayani bisa koyarwar cocinsu, yadda ta shigo duniya ta hanyar saɓo na farko.

Abin da ba za ka gani ba shi ne gicciye. A ƙasar Kirista, a maƙabartar coci, sai ka zaga duwatsu ɗari na wancan zamani ba ka ga gicciye ɗaya ba, domin a idon 'yan Furotesta na Sikotlan alama ce ta Katolika, kuma bai dawo sosai ba sai ƙarni na 19. Cocin da ya farfasa gumakan waliyyai ya kawar da kai daga ƙwarangwal da mala'iku saboda babu mai durƙusa musu. Aikinsu gargaɗi ne, gargaɗi kuwa shi ne abin da mumbari ke yi kowane mako.

Tsakiyar dutse ita ta fi jan hankalina, domin a nan gizo ke saƙar. Tsakanin ƙashi a ƙasa da rai a sama, mamacin yana shelar sana'arsa. Maƙeri ya sa guduma da kambin sarauta a kanta, alamar ƙungiyar masu aikin ƙarfe, wani ya ƙara awartaki da uwar maƙera. Tela ya sa almakashi da dutsen guga. Masaƙi ya sa ƙoshiya, mai ɗinkin takalma ya sa wuƙarsa mai lanƙwasa da basilla, mahauci ya sa wuƙa da gatari, mai gashin burodi ya sa dogayen katakan da yake tura burodi cikin tanda. Manomi yana da bakin garma, ɗan kasuwa yana da wata alama mai kama da lamba 4 ko sikeli. A Kells akwai dutsen wani mai kula da dajin farauta, John Murray, wanda ya rasu a 1777, an sassaƙa masa bindiga da sandar kamun kifi da karensa da tsuntsu. Sau da yawa mutum yakan kafa dutsen tun yana raye don ya shata ramin iyalinsa, da harufan farko na sunansa da na matarsa, ita kuma da sunan gidan ubanta, domin matan Sikotlan na lokacin ba sa ajiye shi bayan aure.

A Dundee abin ya wuce alama. Maƙabartar Howff, wadda Sarauniya Mary ta ba garin filinta a 1564, ita ce wurin taron ƙungiyoyin sana'a tara na birnin har zuwa wajen ƙarshen ƙarni na 18. A tsakanin kaburbura suke zama su tattauna kuɗin shiga ƙungiya da horon almajiran sana'a, kowace ƙungiya da kusurwarta. Maƙabarta ba wurin da ake gudu ba ce a lokacin. A garuruwa da yawa dabbobi na kiwo a cikinta, mutane na haɗuwa bayan ibada, wani wuri har ciniki ake yi. Dutsen da aka kafa a irin wannan wuri kullum yana da masu karatu, har da waɗanda ba su iya haruffa ba, kuma akwai shaidar cewa wasu an shafa musu fenti don su fito sosai.

Ga tufka da warwarar da ke ciki. Gindin dutse yana cewa mutuwa rigar kowa, ƙoƙon kan attajiri da na almajiri ba su da bambanci. Tsakiyarsa kuma tana cewa ku sani ni fa cikakken ɗan ƙungiyar maƙera ne, mai 'yancin ciniki a wannan gari. A babban cocin Elgin akwai dutsen wani mai ɗinkin safar hannu, John Geddes, mai ɗauke da shekarar 1687, da wasu baitoci da ma'anarsu ita ce: duniya birni ce mai tituna da yawa, mutuwa ce kasuwar da kowa ke haɗuwa, da rai abin sayarwa ne da talaka bai rayu ba, mai kuɗi kuma bai mutu ba. Mu mukan ce duniya kasuwa ce, kowa ya ci tasa ya tafi, shi kuwa Geddes ya mai da kasuwar can gaba, inda dukan tituna suke ƙarewa. Magana ce mai kyau, amma mai abin hannu ne ya biya aka rubuta ta. Ban ɗauki wannan a matsayin munafunci ba. Mutanen nan sun yi imani da cewa sana'a kira ce daga Allah, kuma da ita za su tsaya a gabansa, don haka guduma a kan kabari tana iya zama alfahari da kuma shaida a lokaci guda.

Sai dai kada yawan duwatsun ya rufe mana ido daga waɗanda ba su da ko ɗaya, kuma su ne mafi rinjaye. Ɗan ƙodago da 'yar aikin gida da mabaraci akan ɗauke su a makarar coci, a wasu wurare a akwatin gawa na kowa da kowa wanda ake buɗe gindinsa a bakin rami a mayar da shi ma'aji. Coci yana da baƙin mayafi da ake hayarsa don rufe akwati, mai kyau da tsada, tsoho da araha, kuɗin hayar kuma yana shiga asusun talakawa. A garuruwa da dama littafin kuɗin hayar mayafin nan shi ne kaɗai shaidar da ta rage cewa wane ya taɓa rayuwa. A yunwar shekarun 1690, wadda masana tarihi ke ƙiyasta ta rage al'ummar ƙasar da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ta hanyar mutuwa da hijira, ba duwatsu aka yi ta sassaƙawa ba. Ko a gidajen masu hali mutuwar yara ta yi yawa. A Innerpeffray akwai abin tunawa na 1707 da wani magini mai suna Faichney ya sassaƙa da hannunsa, ga shi ga matarsa, ga 'ya'yansu goma a jere ƙanana-ƙanana. Uban da ya zauna ya fitar da fuskoki goma daga dutse ba tsoratar da kowa yake son yi ba.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 sai salon ya fara dusashewa. Masu ilmi da kuɗi suka koma ga kwaikwayon Girka da Rum: tulun tokar gawa an lulluɓe shi da mayafi, ginshiƙi a karye, mace tana kuka a jingine. Rubutu ya yawaita saboda masu karatu sun yawaita, kuma ya koma yabon halin mamaci da baƙin cikin waɗanda ya bari. A farkon ƙarni na 19 tsoro ya canja fuska. Makarantun likitanci na neman gawawwaki, masu tono suna sayar musu, har iyalai suka riƙa sa kejin ƙarfe a kan sabon kabari, ana gina ɗakin gadi a maƙabarta. Irin kejin suna nan a Greyfriars da Logierait. Kashe-kashen da Burke da Hare, wasu mutum biyu masu kashe mutane su sayar wa likitoci gawarsu, suka yi a Edinbara a 1828 sun taimaka wajen kawo dokar 1832 da ta tsara yadda likitoci za su sami gawa. A 1833 aka buɗe sabuwar maƙabartar Necropolis a Gilasgo bisa samfurin wata maƙabarta ta Faris, lambu a kan tudu, da hanyoyin shaƙatawa. Dokar maƙabartu ta 1855 ta ba da damar rufe tsofaffin da suka cika. Dutse mai tauri da ake gogewa da inji ya maye gurbin mai laushin da maginin ƙauye ke sarrafawa, aka koma zaɓar samfuri daga littafin kamfani. Ni dai na fi ganin gaskiya a tsofaffin. Tulun toka a ƙasar da ba a ƙona gawa a lokacin aro ne, amma shebur da ƙararrawa kowa ya ga an yi amfani da su a makon da ya wuce.

Yawancin tsofaffin duwatsun na dutsen yashi ne, mai sauƙin sassaƙa da sauƙin lalacewa. Ruwa yana shiga, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare falle-falle ta faɗi da ƙoƙon kai da fukafukai gaba ɗaya. Hayaƙin gawayi na shekaru ya ci na birane, injin yankan ciyawa yana guntule gindinsu, wato daidai inda alamomin mutuwa suke, masu kyakkyawar niyya kuma sukan goge su da burushin ƙarfe su ƙarasa ɓarnar. Bayan wani dutse ya faɗo ya kashe yaro ɗan shekara takwas a wata maƙabartar Gilasgo a 2015, ƙananan hukumomi suka tsananta gwajin duwatsu, da yawa aka kwantar da su ƙasa, inda ruwa ke kwanciya a kan sassaƙen. Betty Willsher, wata marubuciya mai binciken duwatsun kabari wadda ta rasu a 2012, ta shafe shekaru tana zaga maƙabartun ƙasar tana ɗaukar hotunansu, kuma ƙungiyoyin tarihin iyali na yankuna suna ci gaba da rubuta abin da ya rage. An shigar da wasu kaɗan ƙarƙashin rufi, kamar na Faichney da ke cikin ƙaramin cocin Innerpeffray da waɗanda ke gidan tarihin babban cocin St Andrews. Sauran suna waje, kuma mallakarsu a doka galibi tana hannun zuriyar da ba a san inda take ba, abin da ke sa gyaran dutse ɗaya ya zama doguwar magana tsakanin hukuma da masu sa kai.